Wa Zai Biya Har Ƙarshe? Sharhi Kan Guzurin Masu Neman Ilimi a Ƙetare

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Kubwa ta nufi Zuba, ya ratse Dei-Dei da hantsi, a sa'ad da tireloli ke sauke siminti da rodi, 'yan dako na jidar katako, 'yan gwari na jera kwandunan tumatir, dillalan kara kuma na kewaya shanu ana tayi ana albarka, zai sakankance cewa Allah Ya ajiye wa wannan wuri rabon arziki irin wanda ba kowane gari ya samu ba, domin da wuya a ɗaga bene a birnin Abuja ba a zo nan an sayi wani abu na jikinsa ba. Da yawa daga cikin masu juya wannan dukiya ba su yi nisa a boko ba, wasunsu ma allo kaɗai suka riƙe, amma babu muradin da ya cika musu zuciya kamar su ga 'ya'yansu sun taka matakin da su ba su taka ba. Kuma a 'yan shekarun nan muradin ya ƙetare teku, har ya zamana a zaman majalisa bayan la'asar ana jin sunayen Saifurus da Indiya da Malesiya da Ingila a bakin mutanen da fitarsu waje ba ta wuce aikin Hajji ba. Niyya ce kyakkyawa, ba ni da abin cewa a kanta sai fatan alheri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da na lura ba a cika yi ba kafin a raka yaro filin jirgi: wa ya ɗauki alkawarin biyan kuɗin nan, da wane irin kuɗi zai biya, kuma zai iya biya har ranar da za a miƙa wa yaron takardar shaida?

Kwanakin baya wani dattijo mai sayar da kwanon rufi, wanda muke haɗuwa a sahun azahar, ya jawo ni gefe bayan an sallame, ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, an naɗe ta cikin leda don kada gumi ya taɓa ta. Ya ce, “Malam, don Allah duba mini wannan. An ce yaron nan namu ya ci sikolashif, wanda ya nemo masa kuwa ya ce in kawo kafin alƙalami nan da Juma'a, in ba haka ba a ba wani gurbin.” Takarda ce mai kyan gani, da tambarin jami'a da hatimi mai ruwan zinariya, an rubuta sunan yaron da manyan baƙaƙe. Da na karanta sai na tarar rabin kuɗin makaranta aka yafe, ɗaya rabin yana wuyan uba, da kuɗin Turai, kowace shekara har shekara huɗu. Ba a ambaci ɗakin kwana ba, balle abinci, ko inshorar lafiya, ko kuɗin jirgi. Can ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe, an gindaya sharaɗin cewa duk shekarar da makin yaron ya sauka, ragin ma ya faɗi. Na ce, “Alhaji, rangwame aka yi maka, sauran kuɗin duk kai za ka nemo su.” Ya yi shiru, ya gyara zaman hularsa, sa'an nan ya ce, “To ai filina na Saburi na yi niyyar sayarwa, na ɗauka kuɗin jirgi da na fasfo kaɗai suka rage.” Muka zauna a bakin shagonsa muka buga lissafi a bayan takardar rasit, sai ga shi kuɗin filin ba za su fitar da yaron daga shekara ta biyu ba.

Irin wannan takarda tana da yawa a hannun jama'a, kuma asalinta ba ɓoyayye ba ne. Akwai jami'o'i masu zaman kansu a ƙasashe da dama waɗanda da kuɗin baƙi suke rayuwa, suna sa farashi mai tsawo su rage wa kusan duk wanda ya nema, suna kuma biyan dillali la'ada a kan kowane ɗalibin da ya kawo. Saboda haka dillalin yana ci ta fuska biyu, ya karɓa a hannun uba ya karɓa a hannun makaranta, gaggawar da yake sa wa mutane kuwa ta samo asali ne daga maslaharsa. Wani lokaci ma takardar shaidar da za a sha wahala dominta ba ta da daraja a gida. Ba a manta ba, a watan Disamba na 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa a farkon Janairu na 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, dakatarwar da ta rutsa da masu laifi da waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah.

Ko da a ce dattijon nan fili uku gare shi, akwai abin da lissafinsa ba zai iya kamawa ba, shi ne darajar naira. A watan Mayu na 2023 ana canza dalar Amurka a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma, kuma iyaye da yawa ta banki suke tura kuɗin makaranta a wannan farashi; da Babban Banki ya sake wa naira linzami a watan Yuni na shekarar, ba a fita daga Fabrairu na 2024 ba sai da dala ta haura naira 1,500. Wato uban da ya yi tanadin dala 10,000 a shekara da naira miliyan 4.6 ya wayi gari ana binsa miliyan 15, alhali cinikin shagonsa bai ninka uku ba. A watan Mayu na 2024 labari ya bazu cewa Jami'ar Teesside ta Ingila ta dakatar da wasu ɗalibai 'yan Nijeriya saboda sun kasa cika kuɗi a kan wa'adi, har hukuma ta umarce su da barin ƙasar, kuma laifin yawancinsu bai wuce cewa tanadin da suka yi da naira ya narke a hannunsu ba. Mutanen Dei-Dei sun fi kowa sanin abin da ke samun ginin da aka kai linta aka rasa kuɗin rufi, damina biyu ta ishe shi ya koma kango. To karatun da aka yanke a tsakiya haka yake, ba digiri, ba fili, ga shekarun yaro sun tafi, ga karayar zuciya wadda takan daɗe ba ta warke ba.

Mai karatu zai ce wannan halin mai biya daga aljihunsa ne, wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa ai ya tsira. Da ma haka abin yake. Shekaru da dama Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi a nan Abuja, ta riƙa tura yara ƙasashe irin su Rasha da Sin da Maroko da Aljeriya da Masar da Hangari bisa wata yarjejeniya tsakanin gwamnatoci, inda ƙasar da ta karɓi ɗalibi take ɗauke kuɗin makaranta, Nijeriya kuma ta riƙa ba shi nafaƙar wata-wata. A lokacin, wannan ita ce ƙofar da ɗan talaka mai ƙwazo ya fi dogara da ita, domin tana karɓar wanda ya gama sakandare. Amma ɗaliban sun sha kokawa cewa ana shafe watanni ba a biya su ba, wasu har masu gidajen haya na barazanar fitar da su a ƙasar da ba su da dangi. A 2024 aka zabge nafaƙar daga dala 500 zuwa dala 220 a wata. A 2025 kuma Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar dakatar da shirin. Asusun TETFund, wanda ke tura malaman jami'o'i da kwalejoji ƙaro ilimi, shi ma ya rufe ɓangarensa na ƙasashen waje daga ranar 1 ga Janairu, 2025, yana mai kafa hujja da tsadar canji da kuma yawan waɗanda ke tafiya su ƙi dawowa. Asusun PTDF da aka kafa a 1973 domin horar da ma'aikatan harkar man fetur yana da shirinsa na digiri na biyu da na uku a waje, sai dai fannoninsa ƙayyadaddu ne, masu nema kuma dubbai.

Hujjar da ministan ya kawo, cewa ba daidai ba ne a kashe kuɗin ƙasa wajen tura yaro ya karanto abin da ake koyarwa a Zariya ko Bayero, tana da ƙarfi, kuma ban ga aibin gwamnati ta ce ta daina ɗaukar sababbi ba idan ta san ba za ta iya ba. Inda nake da ja shi ne a kan waɗanda aka riga aka tura. Yaron da hukuma ta yi wa jarrabawa, ta zaɓe shi, ta sa shi a jirgi yana ɗan shekara 18, amana ne a wuyanta, kuma nafaƙarsa bashi ne wanda ya kamata ya gabaci sayen motocin ofis. Rage ta a tsakiyar karatu saɓa alkawari ne, ko da wane suna aka kira shi.

Haka lamarin yake a jihohi, sai dai a can siyasa ta fi shiga ciki. Gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso a Kano, tsakanin 2011 da 2015, ta tura ɗalibai masu yawa waje, waɗanda suka fi shahara a cikinsu su ne rukunin nan na ɗalibai 501, kuma adalci ne a faɗi cewa da yawansu 'ya'yan talakawa ne da a yau suke koyarwa a jami'o'i ko suke aiki a asibitoci. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin da gurbi 1,001 na digiri na biyu a Indiya da Yuganda. Amma a tsakanin waɗannan shekaru an ga abin da sauyin gwamnati ke haifarwa: bashi ya taru, makarantu suka riƙe takardun waɗanda suka gama, kuma ɗaliban Kano da na Zamfara a Arewacin Saifurus sun shafe lokaci mai tsawo a wannan hali. Illar tallafin da aka ɗaura a jikin mutum ɗaya ita ce wa'adin gwamna shekara huɗu ne, karatun likita kuwa shida, magajinsa kuma ba lalle ne ya ɗauki yaran a matsayin nasa ba. Ga kuma abin da ba ya hannun kowa, kamar yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, wanda ya sa aka kwaso ɗalibanmu daga Khartum ta iyakar Masar da Port Sudan, da yawansu suka dawo suna neman jami'ar da za ta karɓe su su ƙarasa.

Idan muka waiwayi tarihi za mu tarar magabata sun fahimci wannan mas'ala tun da daɗewa, kuma sun yi mata magani irin na masu hangen nesa. Malamin tarihin nan na Masar, Maƙrizi, ya ba da labarin cewa a wajen shekarun 1240, wato zamanin Mai Dunama Dabalemi, mutanen Kanem da suka biyo ta Masar a hanyarsu ta Hajji sun damƙa wa wani alƙali mai suna Ibn Rashiƙ dukiya, ya gina makarantar Malikiyya wadda ta zama masaukin mutanensu. Kuma ba ginawa suka yi suka juya baya ba, sun ci gaba da aiko mata da kuɗi a mafi yawan shekaru. A Azhar kuma an keɓe wa mutanen Barno ruwaƙinsu, sashen da ɗalibi zai kwana, ya ajiye littattafansa, ya karɓi rabonsa na gurasa daga dukiyar wakafi, ba tare da cikinsa ya dogara da wanda ke kan gadon sarauta a gida ba. Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin hisabi daga ƙasar Katsina, a Alƙahira ya cika a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihi, wanda ya saukar da shi ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa. Ko a ƙarnin da ya wuce, sa'ad da aka tura Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa Landan a 1945, Malam Aminu Kano a 1946, Malam Abubakar Gumi kuma Bakht al-Ruda ta Sudan a 1954, 'yan ƙalilan ake turawa, na ɗan taƙaitaccen lokaci, kuma akwai aikin da ke jiran kowannensu idan ya dawo.

To, ƙofofin da za a iya dogara da su a yau fa? Suna nan, kuma alamarsu ɗaya ce: takardarsu tana faɗin kome dalla-dalla, kuɗin makaranta da nafaƙa da jirgi da lafiya, da kuɗin ƙasar da za a zauna, daga wata taska wadda faɗuwar naira ba ta taɓa ta, neman tallafin kansa kuma kyauta ne, ɗalibi ke cike takardunsa da hannunsa ta intanet, babu gurbin dillali a ciki. Shirin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 1983, yana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara guda, da sharaɗin mai nema ya yi aiki na aƙalla shekara biyu, wato sa'a 2,800, kuma ya koma ƙasarsa ya zauna shekara biyu bayan ya gama. Akwai tallafin ƙasashen Kwamanwel, akwai Erasmus Mundus na Tarayyar Turai mai ba da yuro 1,400 a wata, akwai DAAD ta Jamus. Gwamnatin Turkiyya tana buɗe nata shirin daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, kuma yana daga cikin 'yan kaɗan da ke karɓar mai neman digiri na farko, har da masauki da shekarar koyon harshe. Jami'ar Musulunci ta Madina, tun kafa ta a 1961, tana karantar da 'ya'yanmu kyauta tana ba su nafaƙa da tikiti, kuma a cikinta Shaihu Ja'afar Mahmud Adam ya yi karatu. Amma abin da mutanenmu ba su cika sani ba shi ne a Saudiyyar nan akwai Jami'ar Sarki Fahad a Zahran da Jami'ar Sarki Abdullah a Suwal, masu ɗaukar cikakken nauyin ɗaliban kimiyya da injiniya a matakin digiri na biyu da na uku.

Amurka tata hanyar daban ce. A can galibin masu digiri na uku, da wasu masu na biyu, aiki ake ba su a sashensu, su taya farfesa koyarwa ko bincike, a yafe musu kuɗin makaranta a kuma biya su abin kashewa. Wasu tsirarun jami'o'i kuma, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT, idan sun karɓi ɗalibi suna cike masa duk abin da iyayensa suka gaza, ko daga wace ƙasa ya fito. Abin lura shi ne inda suke samun wannan ƙarfi: taskar kyautar da aka tsayar wa Harvard ta haura dala biliyan 50, ana juya uwar kuɗin ana cin ribarta, wanda a haƙiƙa tsarin wakafi ne. A shekarar karatu ta 2023/2024 'yan Nijeriya sama da 20,000 ke karatu a Amurka, sai dai tun daga 2025 ƙa'idojin biza sun tsananta ƙwarai ga 'yan ƙasar nan, don haka wajibi ne mai nema ya binciki halin da ake ciki kafin ya kashe ko kwabo.

Wanda ya yi nazarin waɗannan ƙofofi zai ga mafi yawansu a matakin digiri na biyu da na uku suke buɗewa. Saboda haka shawarata ga uban da ba attajiri ba ita ce ya bar filinsa, ya sa yaro a Jami'ar Abuja ko Ahmadu Bello ko Bayero ko Usmanu Ɗanfodiyo, in kuɗin rajista ya gagara ga rancen NELFUND da aka kafa da dokar 2024, wanda ba shi da ruwa kuma na makarantun gida ne kaɗai. Ya tsaya a kansa ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, ya koyi rubuta Turanci mai tsabta, ya riƙe alaƙa da malamai biyu ko uku da za su iya yi masa shaida a rubuce. Yaron da ya fita yana ɗan shekara 24, da digiri a hannu da hankali a jiki, da kuɗin wasu, ya fi ɗan shekara 17 da aka tura da kuɗin gado samun kariya ta fuskar karatu da ta tarbiyya. Mai son likitanci kuma ya sani, duk inda ya karanto a waje, sai ya zauna jarrabawar majalisar likitoci ta Nijeriya kafin a ba shi izinin taɓa majiyyaci.

Sai dai akwai wani shinge da ba a cika magana a kansa ba, wanda a ganina ya fi kowanne kayar da ɗan talaka, shi ne kuɗin bakin ƙofa. Kafin yaro ya ga kwabon tallafi sai ya fitar da kundin makinsa daga jami'a, ya yi fasfo, ya zauna jarrabawar Turanci inda ake bukata, ya biya kuɗin neman gurbi, ya yi gwajin lafiya, ya nemi biza; wani tallafin ma sai ya sayi tikiti da kansa, ya kuma ci da kansa har a yi albashin farko. Bizar karatu ta Amurka dala 185 ce, da wasu dala 350 na rajistar ɗalibai, jimla 535, wato kimanin naira 800,000 in ana canza dala a kan naira 1,500, abin da ya haura albashin wata 11 ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A Jamus, inda mafi yawan jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, an wajabta wa wanda ba shi da tallafi ya ajiye wajen yuro 12,000 a asusun da za a riƙa sakar masa wata-wata. Ɗan mai gadi ko ɗan mai tura baro, ko da ya fi kowa ƙwaƙwalwa a ajinsu, a nan yake tsayawa, da takardar cin nasara a hannunsa, ana yi masa barka yana haɗiye baƙin ciki.

A wannan gaɓa ce kamfanonin ba da rance na waje suke shigowa, suna ba da bashi da dala ba tare da jingina ba, da ruwan da sau da yawa yakan haura kashi 10 cikin 100. Hukuncin riba a shari'a sananne ne, ba sai na tsawaita ba. Amma ko wanda bai dubi wannan fuska ba, ya kamata ya dubi ɗaya: bashin dala ba ya biyuwa da albashin naira, saboda haka wanda ya ci shi ya riga ya yanke wa kansa hukuncin zama a can, al'ummar da ta raine shi kuma ta yi hasararsa.

Abin da nake kira gare shi ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1938 Ƙungiyar Ibibiyo ta tara kuɗi daga jama'arta ta tura samari shida karatu waje, ɗayansu shi ne Udo Udoma wanda daga baya ya zama alƙali a Kotun Ƙoli. Maƙwabtanmu Inyamurai da muke kasuwa ɗaya da su kuwa sun daɗe suna haɗa kuɗi ta ƙungiyoyin garuruwansu don ilimin 'ya'yansu. A Dei-Dei muna da ƙungiyar 'yan katako da ta 'yan tumatir da ta masu dabbobi da ta direbobi, ana tara kuɗi don biki da jinya da sulhu da gyaran masallaci, kuma babu abin da zai hana a tsayar da wakafi don ilimi. Zakka tana da gurbinta, domin fuƙaha'u da dama sun halatta ba da ita ga matalaucin da ya duƙufa neman ilimi mai amfani, amma zakka rabawa ake yi ta ƙare. Hubusi, wato wakafi, shi ne mai zama. Mazhabarmu ta Malikiyya ma ta yalwata a wannan babi, ta yarda a yi hubusin tsabar kuɗi don a riƙa rantawa ana mayarwa, ta kuma yarda a yi shi na ƙayyadadden lokaci, ta yadda mai shago biyar zai iya cewa ya tsayar da hayar ɗaya na shekara goma, bayan nan ya koma wa magadansa. Samar da likitoci mata da injiniyoyin ruwa da malaman lissafi faralu kifaya ne, kuma nauyin yana kan masu hali kafin kowa.

Irin wannan asusu kada ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Ba aikinsa ba ne biyan kuɗin makarantar kowa a Ingila. Aikinsa ya tsallakar da wanda ya riga ya ci cikakken tallafi daga bakin ƙofa zuwa cikin aji, da rance marar ruwa wanda zai mayar idan ya zauna da gindinsa, don na bayansa ya samu. A yi masa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni da sunan amintattu, a sa malami da ɗan kasuwa da wanda ya taɓa karatu a waje, kada a laƙaba masa sunan ɗan siyasa, kuma kada a cire 'ya'ya mata. Kafin a fitar da kuɗi, amintattun su rubuta wa jami'ar kai tsaye su tabbatar da takardar, a kuma karanta lissafin shiga da fita a gaban taro sau ɗaya a shekara. Ko ɗaki guda aka samu kusa da masallacin kasuwa, da kwamfuta ɗaya da wani mai digiri da zai zauna ranar Asabar yana karanta wa iyaye takardu, yana tuna wa yara cewa Chevening a watan Agusta take buɗewa, na Turai da Amurka kuma galibi tsakanin Oktoba da Janairu, an rage wa dillalai kasuwa ƙwarai. Tun da yake a Abuja kuɗin hayar shago na shekara ake biya a dunƙule, amintattun za su san abin da ke hannunsu tun kafin damina, lokacin da takardun karɓa suke isowa ana shiga neman biza, sai su ƙidaya yara nawa kuɗin zai kai har cikin jirgi, su tsaya a kan wannan adadi, sauran su jira baɗi.